Labarin Zuciya a Tambayi Fuska? Matsalar Gane Ƙarya Wajen Tuhumar Waɗanda Ake Zargi a Batsari da Safana

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Batsari ko Safana cikin shekaru goman da suka gabata ya san nauyin kalmar “infoma”. Ita ce sunan da ake laƙaba wa wanda ake zargin yana kai wa ’yan bindigar dajin Rugu labarin manomin da ya sayar da amfanin gonarsa, ko magidancin da ɗansa ya aiko masa da kuɗi daga kudu, ko hanyar da jami’an tsaro za su bi. Zargin yana da tushe, domin sau da yawa maharan kan wuce gidaje goma su tsaya a ƙofar gida ɗaya kamar an zana musu taswira. Bayan ta’asa irin ta ƙauyukan Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020, inda aka kashe kimanin mutum 30, ba wanda zai zargi al’umma don ta ɗaura ɗamarar neman maciyan amanar da ke cikinta. Dokar da gwamnatin Aminu Bello Masari ta sanya a ƙarshen Agustan 2021, wadda ta hana sayar da man fetur a jarka da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, da katse layukan waya da ya biyo baya a watan Satumba, duk an yi su ne don toshe kafar masu kai kaya da labari daji. Haka kuma rundunar tsaron al’umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 ta ƙara yawan mutanen da ke kama wanda ake zargi su yi masa tambayoyin farko.

Abin da wannan maƙala ta sa gaba shi ne abin da ke faruwa bayan kamun: ta yaya mai tambaya ke rarrabe mai gaskiya da maƙaryaci?

A lokacin da nake tattara karin magana don kundin digirina na biyu, na kwana biyu a wani ƙauye da ke yammacin Batsari. Wata la’asar aka kawo wani saurayi da aka tare a kan babur ɗauke da burodi mai yawa, aka zaunar da shi a gindin bishiya ana yi masa tambayoyi. Ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke, amsarsa ba ta wuce “i” da “a’a”. Wani dattijo ya ce wa jama’a, “Ku dube shi, ya kasa ɗaga ido. Labarin zuciya a tambayi fuska.” Mai unguwa ne ya shiga tsakani aka miƙa saurayin ga hukuma. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da safiyar wannan rana na ji dattijon nan yana yi wa jikansa faɗa saboda ya ƙura masa ido yana magana, har ya kira shi mai tsaurin ido. Ashe ɗabi’ar da ya koya wa jikansa da safe a matsayin ladabi, ita ya karanta da la’asar a matsayin shaidar laifi.

Ra’ayina shi ne karanta fuska da motsin jiki hanya ce mai rauni a ko’ina, kuma rauninta ya fi tsanani a ƙasar Hausa da rugagen Fulani. Ƙarya a cikin magana ake kama ta, idan aka auna maganar da abin da za a iya bincikawa. Wannan kuwa aikin harshe ne, saboda haka manazarta Hausa suna da hannu a cikinsa.

Abin da bincike ya nuna game da fuska

Imani da cewa maƙaryaci kan kawar da ido bai tsaya ga Bahaushe kaɗai ba. Wani bincike na haɗin gwiwa da aka buga a 2006, wanda ya shafi ƙasashe 75, ya gano cewa kawar da ido ita ce alamar ƙarya da mutane suka fi ambata a faɗin duniya. Sai dai shekaru uku kafin nan, a 2003, Bella DePaulo da abokan aikinta sun tace alamomi 158 da aka taɓa gwadawa, suka tarar cewa mafi yawansu ba su da alaƙa mai ƙarfi da ƙarya, kuma kawar da ido na cikin waɗanda ba su nuna komai. A 2006 Charles Bond da DePaulo suka tattara sakamakon bincike 206 da ya ƙunshi mutum fiye da 24,000 da aka nemi su rarrabe gaskiya da ƙarya. Matsakaicin dacewarsu kashi 54 ne cikin 100, alhali wanda ya rufe ido ya yi canke zai dace da kashi 50. Waɗanda sana’arsu ta shafi tuhuma ba su yi wa sauran jama’a wata tazarar kirki ba.

Horarwa a kan alamomin jiki ma ba ta magance matsalar. A 1999 Saul Kassin da Christina Fong sun koya wa wasu ɗalibai alamomin da ake koya wa masu bincike a Amurka bisa dabarar Reid, sannan suka gwada su da waɗanda ba a koya wa komai ba. Waɗanda aka horar sun fi yin kuskure, amma sun fi kowa tabbacin cewa sun dace. Wannan shi ne haɗarin da ya fi girma, domin mai shakka kan ci gaba da bincike, mai tabbaci kuwa ya riga ya rufe littafi. Shi kansa John Reid, wanda dabarar ke ɗauke da sunansa, shi ne ya tatsi iƙirari daga Darrel Parker a jihar Nebraska a 1955 cewa ya kashe matarsa. Parker ya janye maganar washegari, amma aka ɗaure shi. Daga baya aka gano wani mutum daban ne ya yi kisan, kuma sai a 2012 jihar ta nemi gafararsa ta biya shi diyyar dala 500,000.

Na’urar gwajin ƙarya ba ta tsira daga wannan rauni ba, domin abin da take aunawa shi ne bugun zuciya da numfashi da gumi, wato tashin hankali. Rahoton Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka na 2003 ya bayyana cewa babu wani sauyin jiki da ya keɓanta da ƙarya kaɗai. Idan na’ura ta kasa rarrabe tsoron mai laifi da tsoron wanda aka yi wa ƙazafi, da wuya ido tsirara ya iya.

Kunya, ladabi da ido

A 1974 Anthony Kirk-Greene ya jera siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, kuma kunya da ladabi suna cikinsu tare da gaskiya da amana. Tarbiyyar da ke samar da waɗannan siffofi a jiki take bayyana: yaro ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya rage murya, ya taƙaita amsa a gaban babba. Mace a gaban baƙon namiji ta fi haka. Harshen ma ya ajiye shaida, domin “tsaurin ido” da “bushewar ido” duk zagi ne, kuma idan Bahaushe zai kwatanta gwanin maƙaryaci cewa yake yi, “Ya dubi tsabar idona ya shirga mini ƙarya.” Ke nan al’adar da ta ce a tambayi fuska ita ce kuma ta san cewa ƙwararren maƙaryaci ba ya sunkuyar da kai.

A wurin Bafulatani lamarin ya ƙara zurfi. Semteende, wato kunya, da munyal, wato haƙuri da danne abin da ke zuciya, ginshiƙai ne na pulaaku. Makiyayi ba ya son faɗin adadin shanunsa, kuma akwai sunayen da ba ya kamawa, kamar na ɗan fari ko na suruki. Mai tambayar da bai san wannan ba zai ce, “Shanunka nawa? Wane ne wannan yaron?” ya ga mutum yana kewaye-kewaye, ya rubuta cewa yana ɓoye wani abu. A yankin da rikici ya riga ya sa ana yi wa kowane makiyayi kallon ɗan daji, wannan kuskuren fahimta na iya zama sanadin rai.

An ga irin wannan a wani wuri. A 1991 Aldert Vrij da Frans Winkel sun nuna cewa ’yan asalin Surinam mazauna Holan sun fi Turawan ƙasar kawar da ido a gaban ɗan sanda, ko suna faɗin gaskiya ko ba sa faɗa, saboda haka tarbiyyarsu ta zo. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya suka nuna cewa ’yan sandan Holan sun fi zargin mai irin wannan ɗabi’a. Jami’in da aka turo Batsari daga wani sashe na Najeriya, wanda aka rene shi a kan cewa mai gaskiya kan dubi mutum ido cikin ido, yana cikin wannan tarko. Ɗan gari ma bai tsira ba, kamar yadda dattijon nan ya nuna, domin zargi idan ya riga ya shiga zuciya yakan mantar da mutum abin da ya sani.

Tsoron da ba na laifi ba

Ana cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Gaskiya ne, amma a ƙauyukan bakin Rugu wanda ba shi da kaza ma ba ya jimirinta. Mutumin da ya ga yadda taron jama’a ko ’yan sa-kai suka yi da wani da aka kira infoma ya san cewa rayuwarsa na rataye a kan amsarsa, don haka bakinsa zai bushe, muryarsa za ta yi rawa, zai manta ranar da abu ya faru. Paul Ekman ya kira ɗaukar irin wannan firgici a matsayin shaidar ƙarya da suna kuskuren Othello, wato mijin da ya ga tsoron matarsa marar laifi ya ɗauka tabbacin cin amana ne.

Akwai kuma wani al’amari da ya keɓanci yankunan da ’yan bindiga suka mamaye. Manomin da aka tilasta wa biyan kuɗi kafin ya shiga gonarsa, da ɗan acaɓar da aka tsare aka aika sayen kaya da bindiga a kansa, da matar da ta kai abinci da katin waya don a sako mata ɗa, dukkansu suna da abin da za su ɓoye. Suna tsoron hukuma, suna kuma tsoron ramuwar mutanen daji idan labari ya koma cewa sun yi magana. Irin waɗannan za su iya yin ƙarya ƙarara ba tare da sun zama masu sayar da jinin maƙwabtansu ba. Saboda haka ko an kama mutum da ƙarya, aikin bai ƙare ba sai an gano abin da yake karewa da ita.

Inda ake kama ƙarya

Malamanmu sun daɗe da sanin inda ya kamata a duba. A ƙissar Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ’yan’uwansa sun zo wa mahaifinsu da dare suna kuka, alhali ƙarya suke yi. Daga baya da aka yi masa ƙazafi a gidan Azizu, abin da ya wanke shi ita ce rigar da aka yaga ta baya. A wuri na farko fuska ta yaudari mai kallo, a na biyu kuwa abin da za a iya dubawa da hannu ya raba gardama. Fiƙihu ya ɗora nauyin kawo hujja a kan mai da’awa, ya kuma sharɗanta cewa mai iƙirari ya kasance yana da zaɓi. Ko da yake malamai sun yi saɓani a kan yadda za a bi da wanda ya shahara da ɓarna, babu wanda ya mai da sunkuyar da kai hujja.

Binciken zamani ya isa wuri ɗaya ta wata hanya. Bayan da aka gano cewa an ɗaure mutane a kan iƙirarin ƙarya a shari’o’in hare-haren Guildford da Birmingham na 1974, Ingila ta sauya salo. Tun kafin a gano hakan, Dokar 1984 ta riga ta buɗe hanyar naɗar tambayoyi a kaset, sannan a farkon shekarun 1990 aka shigo da tsarin da ake kira PEACE, wanda manufarsa tattara bayani maimakon farautar iƙirari. A Suwidin kuma, Maria Hartwig da Pär Anders Granhag da abokan aikinsu sun gwada dabarar jinkirta bayyana hujja a 2006. Ɗaliban aikin ɗan sanda da aka koya wa dabarar sun dace da kusan kashi 85 cikin 100, waɗanda ba a koya wa ba kuma kusan kashi 56. Ƙa’idojin Méndez na 2021, waɗanda aka sa wa sunan Juan Méndez, tsohon mai bincike na musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya a kan azabtarwa, a kan wannan tafarki aka gina su.

Yadda dabarar take mai sauƙin fahimta ce. A ce wani ya shaida cewa ya ga babur ɗin wanda ake zargi a bakin daji ranar kasuwar Batsari. Mai tambaya ba zai fara da jefa masa wannan ba. Zai ce, “Ba ni labarin yininka na ranar kasuwa tun daga asuba,” ya bar shi ya yi magana ba katsewa. Sai ya bi da tambayoyi: wa ya ja sallar asuba, a wurin wane ɗan bumburutu ya sha mai, wane mai caji ya bar wa wayarsa, akwai wanda ya ari babur ɗin a ranar. Sai bayan ya rufe waɗannan ƙofofi zai kawo maganar bakin daji. Mai gaskiya yawanci da kansa zai ambaci cewa ya bi ta can, ya faɗi dalili. Maƙaryaci kuwa zai nesanta kansa da wurin, ya ce babur bai bar hannunsa ba, ta haka ya haƙa ramin da aka ce ƙurarre ne. Kowace amsa kuma ana iya bin ta a tambayi limamin da mai man da mai cajin. Ƙauye wuri ne da kowa ya san motsin kowa, saboda haka tantance irin wannan bayani ya fi sauƙi a Batsari da Safana bisa ga babban birni.

Daga baki zuwa takarda

Idan a magana ake kama ƙarya, to dole maganar ta isa ga alƙali yadda aka faɗe ta. A nan ne matsalar ta shigo fagenmu. Wanda ake tuhuma kan yi bayani da Katsinanci ko Fulatanci, jami’i ya rubuta da Turanci, a karanta masa a gurguje ya dangwala yatsa. A tsakanin bakin da takardar ana asarar abubuwa da yawa.

Idan mutum ya ce, “Kwana biyu ban gan shi ba,” yana iya nufin wata uku, amma takarda za ta ce kwana biyu cur, gobe a kawo shaidar da za ta nuna ya yi ƙarya. “Ɗan’uwana ne” na iya nufin ɗan garinsu ko abokin sana’a, a rubuta cewa uwa ɗaya uba ɗaya suke da ɗan bindiga. “To” da “na ji” sau da yawa alamar ladabi ce ga mai magana, amma a fassara su da amincewa. Idan aka ce wa Bahaushe, “Ba ka je ba?” ya ce, “I,” nufinsa bai je ba, alhali kalmar da za a rubuta da Turanci tana iya ba da ma’anar ya je. Mutumin karkara da hantsi da azahar da sanyin la’asar yake auna lokaci, idan aka matsa masa ya faɗi ƙarfe nawa zai yi canke, canken kuma ya zama saɓani a bayaninsa. Hatta “na kai masu” ba ta bambance wanda ya kai don riba da wanda ya kai don fansar rai, sai an bar shi ya ƙarasa zancen.

Doka ta hango wani ɓangare na wannan. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta azabtarwa, sashe na 35 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har ya ga lauya, sashe na 36 ya ɗauke shi marar laifi har a tabbatar. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar ƙuntatawa, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuma ta mai da aikin kansa laifi. Dokar Gudanar da Shari’ar Laifuka ta 2015 ta tanadi naɗar iƙirari a bidiyo, da halartar lauya ko wani wanda mutum ya zaɓa, da samar da tafinta, kuma a 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari’ar Gwamnatin Tarayya da Nnajiofor cewa wannan tanadi wajibi ne. Kotuna sun daɗe suna cewa a rubuta bayani da harshen da aka yi shi, kuma tafintan da ya fassara ya zo ya ba da shaida. Abin da ya rage shi ne mutanen da za su iya aikin da kayan da za su yi shi da su.

Uzurin rashin lokaci

Za a ce wannan duk zancen masu zama a ofis ne, wanda aka sace wa mata da ’ya’ya ba shi da lokacin tambayar wa ya ja sallar asuba. Ban raina wannan uzuri ba, domin na ga gidajen da aka ƙone da gonakin da aka bari. Amma a duba lamarin ta fuskar tsaron kansa. Idan aka doki marar laifi har ya amsa, zai kuma ambaci sunaye don a ƙyale shi, sunayen kuwa na waɗanda suka fara faɗo masa a rai ne. Jami’ai za su ɓata kwanaki suna bin sawun banza, infoman gaskiya kuma yana zaune a majalisa yana taya jama’a Allah wadai, kamar yadda wanda ya kashe matar Parker ya ci gaba da yawonsa. Dangin wanda aka zalunta za su daina kai wa hukuma labari, wasu matasansu ma su sami dalilin shiga daji. Sannan duk mai gaba da maƙwabcinsa a kan iyakar gona ko neman aure ya sami makami mai arha, tunda kalma ɗaya ta isa. Tambayar da aka yi cikin natsuwa ba ta wuce ’yan sa’o’i, gyaran ɓarnar iƙirarin ƙarya kuwa yakan ɗauki shekaru.

Kammalawa

Sassan nazarin Hausa a Jami’ar Umaru Musa ’Yar’aduwa da Jami’ar Tarayya ta Dutsin-Ma, waɗanda ke maƙwabtaka da wannan yanki, da takwarorinsu na Kano da Zariya da Sakkwato, suna da aiki a gabansu. Ana buƙatar nazarin yadda ake tambaya da amsa a ofisoshin bincike da kotuna, da kwatanta bayanan da aka yi da Hausa da fassararsu ta Turanci. Ana buƙatar ɗan littafin jagora da Hausa da Fulatanci wanda zai nuna wa ɗan sanda da jami’in tsaron al’umma da mai unguwa yadda ake buɗe tambaya ba tare da an cusa wa mutum amsa a baki ba, ya kuma jera kalmomin lokaci da na dangantaka da ke rikiɗewa a fassara. Ana buƙatar horar da tafintoci masu jin karin harshen yammacin Katsina. Wayar hannu da ke aljihun kowane jami’i ta isa naɗar bayani daga farko zuwa ƙarshe, idan aka wajabta hakan.

Karin maganar da dattijon ya jawo tana da muhallinta. Fuska takan nuna cewa zuciya na cikin damuwa, kuma uwa ko aboki na iya amfana da wannan. Abin da ba ta nunawa shi ne dalilin damuwar, wanda kuma shi ne abin da mai bincike ke nema. Mu da muke koyar da karin magana ya kamata mu riƙa faɗa wa ɗalibanmu inda kowace ta tsaya, musamman wadda ake iya yanke wa saurayi hukunci da ita a gindin bishiya.